Inda Duna Yake Tsayawa

Mainasara Halliru ya kai shekara arba'in da huɗu a duniya bai taɓa kwana a ƙasar da za a ce tasa ce ba. A kambo aka haife shi, wato zangon 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin auduga na Jazira. Nan mahaifinsa ya sauke kaya a hanyarsa ta zuwa Makka daga ƙasar Katsina, da niyyar ya yi damina ɗaya ya samu guzuri, nan kuma aka binne shi. A kambo mutum yana iya gina ɗaki, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, amma ranar da aka ce a tashi, tashi za a yi. Can Mainasara ya koyi tsinkar auduga, ya kuma koyi jaki. Yakan dubi kunnen jaki ya gane ko ƙishi ke damunsa ko kuwa haushin mai shi yake ji.

Shekarar da aka yi babban fari ya kwaso matarsa Saratu suka shigo Omdurman, suka kafa ɗakin buhu da kwali a bayan gari. Shekara shida suka yi a ciki, nan aka haifi 'yarsu Duha. Bayan sojoji sun karɓi mulki, wata safiya motocin rusau suka iso, aka loda mutanen unguwar a manyan motoci aka zube su a Dar Salam, fili fetal babu itace babu rijiya. Aka ba kowane magidanci lamba a ɗan kati, aka nuna masa turaku huɗu a ƙasa. Aka ce wannan na wucin gadi ne. Takardar mallaka sai bayan bincike, kuma sai wanda lijnar unguwa, kwamitin da gwamnati ta naɗa, ta shaida cewa mazaunin wurin ne kuma ba shi da wani tabo.

Mutane suna ta zagi a ranar, amma Mainasara ya tsaya tsakanin turakun nan huɗu yana auna tsawonsu da ƙafa, ya je ya dawo, ya sake zuwa. Da hannunsa ya buga tubali ya tayar da ɗaki ɗaya da katanga rabin tsayi. Ya san halin takarda. Ta zama ɗan ƙasa ma sai da ya yi shekara uku yana bin ta, ana tambayarsa inda kakansa yake a zamanin Mahadi. Don haka katin nan mai lamba ya naɗe shi a leda, ya ba Saratu ta sa a ƙasan akwatinta, ya shiga jira.

A Dar Salam ruwa saye ake yi. Akwai tanki ɗaya can nesa, daga nan amalanken jaki ke ɗauko ganga su bi layi suna sayarwa jarka biyu-biyu. Yawancin amalanken na Alhaji Gwadabe ne, shi ma tsatson masu tafiya Hajji ta ƙasa ne kamar Mainasara, sai dai shi ya ci gaba ya isa Makka a jirgi. Da gwamnati ta saki farashin kaya a shekarar casa'in da biyu, kuɗin ruwa ya riƙa hawa kusan kowane mako. Mata suka koma wanke yara da ruwan da aka wanke kwano.

A layin da ke bayan na Mainasara akwai wani mutumin duwatsun Nuba, Butrus Kuku, siriri mai furfura a gefen kai. Ba fada ba ne, malamin coci ne kawai. Yana da rumfar zana wadda ran Lahadi ake addu'a a ciki, sauran ranaku kuma yara su koyi baƙaƙe. Wani ɗan kasuwa Kirista Bakibɗe a kasuwar Omdurman, Ammu Labib, ya saya masa jakuna biyu da amalanke biyu. Matsalar ita ce cikin mutanen Kuku babu wanda ya iya jaki. Baƙin jakin, wanda Mainasara ya sa wa suna Duna daga baya, ya karya wa mutum ɗaya yatsa, ya kifar da ganga sau biyu.

Kuku ya same shi yana gyaran katanga. Ya ce, "Ya Fallati, an ce kana jin yaren jaki." Fallati shi ne sunan da ake kiran 'yan asalin ƙasar Hausa da shi a can.

"Ina ji, ya Abuna. Sun fi mutane sauƙin magana."

"Ni ba Abuna ba ne, ba a naɗa ni fada ba, ina da mata da 'ya'ya biyar. Zo ka yi mana tafinta."

"Ni Musulmi ne fa."

"Jakin ma ban tambaye shi addininsa ba."

Haka Mainasara ya zama na biyar a ƙungiyar masu ruwa ta Kuku, shi kaɗai Musulmi. Cikin kwana goma Duna ya daina harbi.

Ƙungiyar tana da dokoki uku, dukansu daga kan Kuku suka fito. Ta farko, ba a ƙara kuɗin jarka sai in masu tanki sun ƙara nasu. Kuku yakan ce ruwa ba su suka halicce shi ba, abin da suke sayarwa ƙafar jaki ce da guminsu, kuma gumin bai ƙara tsada daga Litinin zuwa Alhamis ba. Wanda ya ga maƙwabcinsa cikin ƙishi ya ce farashi ya tashi, in ji shi, ba ciniki ya yi ba, wuƙa ya ɗora masa a wuya. Ta biyu, akwai ƙofofi huɗu da ake sauke ruwa kyauta kowace safiya. Ta farkonsu ƙofar Hajja Ni'mat ce, wata tsohuwa makauniya Musulma da ba ta da kowa sai jika mai goyo.

Ta ukun ita ce ta tsaya wa Mainasara a maƙogwaro. Da yake kuɗi yana lalacewa a aljihu kafin mako ya zagayo, duk Asabar sai a cire kuɗin tanki da na harawar jakuna, sauran a sayo dawa. Da la'asar a zazzage ta a tabarma cikin rumfa a raba da wani tsohon gwangwanin man girki. Gwangwanin farko a ajiye gefe, na baƙon da bai zo ba tukuna. Sauran kuma ba da yawan aiki ake raba su ba, da yawan bakin da ke gida ne. Gidan Mainasara baki uku, gwangwani uku. Gidan Tiya, wanda ƙafarsa ɗaya ta shanye, aikinsa bai wuce riƙe layi a tanki da facin taya ba, baki tara, gwangwani tara. In dawa ta ragu a sake zagayowa a kan wannan lissafin.

Mainasara shi ke fita tun rana ba ta yi zafi ba, ya yi sawu shida, wani lokaci bakwai. Wata Asabar ya kasa haɗiyewa.

Ya ce, "Ustaz, a Jazira ma da ake cin zalinmu, wanda ya tsinci buhu biyu ba a ba shi ladan buhu ɗaya."

Kuku yana riƙe da bakin buhu, Tiya na aunawa. Ya ce, "Gaskiya ne. Amma 'ya'yan Tiya ba su san ƙafar ubansu ta shanye ba, cikinsu irin na Duha ne. Mabiyan Almasihu na farko haka suka zauna, kowa ya kawo abin da ke hannunsa, kowa ya ɗauki abin da zai ishe shi."

"To ai abin da 'yan gurguzu ke faɗa ke nan."

Tiya ya tsaya da gwangwani a hannu ya waiga wajen ƙofa. Kalmar shuyu'i, ɗan gurguzu, ba a ɗaga murya da ita a shekarun nan. Kuku ya yi ƙasa da tasa muryar.

"Na zauna da su a Atbara lokacin ina aikin jirgin ƙasa. Akwai mazaje a cikinsu, sun sha duka saboda ma'aikata lokacin da mu masu zuwa coci muka yi shiru. Amma su sun ɗauka in an gyara rabo mutum ya gyaru, shi ya sa suke so a tara komai a hannun masu mulki su raba. Ni na san kaina. In ka ba ni rumbun ƙasar nan duka ka ce in raba, daga gidana zan fara. Ka ga dalilin da ya sa gwangwani yake hannun Tiya, ni ina riƙe da buhu. Kuma nan babu mai bindiga a ƙofa, ya Mainasara. Ranar da ka ga dama ka fita."

Mainasara ya ɗauki gwangwaninsa uku ya tafi. Fita zuwa ina? Ko dai nan, ko amalanken Gwadabe.

Ran Talata da hantsi ya tsaya shan shayi wajen Sittana, wadda ke da murhu da kujeru kusa da tanki. Bayansa na ciwo, taya ta fashe masa a sawu na biyu. Gwadabe na zaune da mutanensa. Ya ce, "Ga limamin coci ya iso. Sittana, ba shi shayi ba sukari, su can komai rabawa suke, sai ya kai wa gurgu rabi."

Aka yi dariya. Mainasara yana so dariyar ta koma wani wajen. Ya ce, "Ku dai bari. Mu can shuyu'iyya ake mana tsagwaronta. Mai baki uku ya yi aiki, mai baki tara ya kwashe."

Aka sake yin dariya, wannan karon da shi. Sittana ce kaɗai ba ta yi ba. Ta miƙo masa kofi ta ce a hankali, "Sha ka tafi, ya zol, bawan Allah. Bakinka ya fi shayina zafi." Gwadabe kuwa ya juya cokali a kofinsa yana murmushi.

Asabar ɗin da ta biyo baya Tiya ya auna masa gwangwani huɗu.

Mainasara ya ce, "Kun yi kuskure."

Kuku bai ɗago kai ba. "Ba kuskure. Marta ce ta ce a ƙara. Ka je ka tambayi gida."

Marta matar Kuku ce, ita ke taimakon matan layin wajen haihuwa. Mainasara ya koma gida da dawa a ka. Saratu ta ga yawanta, ta juya fuska wajen bango tana gyara mayafi. Shekara bakwai rabonta da ciki. Ran nan sai da ya ƙara layi biyu na tubali a katanga kafin magariba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Muntasir Yelwa ya biyo shi gida. Muntasir saurayi ne mai gyararren gemu, shi ne magatakardan lijna. Ubansa da uban Mainasara kambo ɗaya suka zauna. Ya gaida Saratu da Hausa, ya sha ruwa, sannan ya koma Larabci, abin da yakan yi in maganar ta gwamnati ce.

"Kawu, jerin sunayen masu takardar fili zai tafi nan da kwana goma. Sunanka yana ciki."

"Alhamdu lillahi."

"Da fensir aka rubuta shi."

Mainasara ya dube shi.

"An kawo rahoto cewa ana koyar da gurguzu a rumfar can, an fake da addini, ana lalata farashin kasuwa, ana sayen zukatan Musulmi da ruwan kyauta. An ce daga bakinka aka ji, gaban mutum takwas. Masu tsaro suna son wanda ke ciki ya zo ya ba da shaida. In ka je, kai mai shaida ne. In ba ka je ba, kai ɗan ƙungiya ne, kuma ni ba zan iya sa hannu a kan ɗan ƙungiya ba."

"Wasa fa nake yi, Muntasir. Haushi ne ya kama ni."

"Na sani, Kawu. Wallahi na sani." Ya koma Hausa, muryarsa ta yi rauni. "Ni ma an tambaye ni me ya sa ban kawo rahoton da kaina ba, tun da ku danginmu ne. Ran Laraba, ƙarfe tara. Zan zo in raka ka."

Saratu tana bayan labule ta ji komai. Bayan ya fita ta fito ta zauna a bakin akwatinta. Ta ce, "Abu Duha, ni ba zan haihu a kwali ba kuma." Sannan ta ce, "Marta ce ta fara ganewa, tun ni kaina ina shakka." Shi kuma bai san wanne daga cikin maganganun biyu zai riƙe ba.

Ran Lahadi babu aikin ruwa sai na ƙofofi huɗun. Ya gama ya hau bas zuwa kasuwar Omdurman, ya nemi shagon yadin Ammu Labib, ko mai arziki zai san wani babba. Tsohon ya saurare shi yana naɗe yadi, idonsa na kan hanya.

"Na gaya wa Butrus tun farko. Ni ma Kirista ne, na girme shi a cikin addinin. Allah ya ba kowa dukiyarsa amana. Wanda ya yi aiki da yawa a ba shi da yawa, sannan shi da hannunsa ya ɗiba ya ba gurgu. In ka raba kafin abin ya shiga hannunsa, ka hana shi dawarsa ka kuma hana shi ladansa. Da ya bar ka ka ba Tiya da kanka, da yau kana alfahari, ba guna-guni ba."

"To yanzu fa, Ammu?"

"Yanzu ban san ka ba, ban san Butrus ba. In an tambaye ni, jaki na sayar, ban tambayi mai saye ba. Ka san an rataye mutane a garin nan kan 'yan kuɗin waje. 'Ya'yana biyu sun bar ƙasar, saura ni da tsohuwa." Ya yanko yadi kamu uku ya naɗe ya tura masa. "Kai wa maiɗakinka. Ka fita ta ƙofar baya."

Ran Litinin da rana ya je wa Kuku. Ya same shi yana gyara allon yara, Marta na tankaɗe a gefe. Ya faɗa masa komai, har da maganar wurin Sittana, bai rage ba. Kuku ya ajiye allon. 

Marta ce ta fara magana. "Wata nawa muna cin tuwo daga buhu ɗaya, kai kuma ka je ka sayar da mu a kan kofin shayi?"

"Marta."

"Kar ka ce min Marta. 'Ya'ya biyar gare ka."

Kuku ya ce wa Mainasara, "Da a gabana ka faɗi cewa rabon bai yi maka ba."

"Na faɗa."

Kuku ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ka faɗa. Ni kuma na yi maka wa'azi." Ya shafa furfurarsa. "To ka ji. In ba ka je ba, za su samu wani, su ɗauke ni, su ɗauke filinka. Ka je. Kar ka yi ƙarya a kaina, kar kuma ka yi ƙarya don ni. Abin da ka gani da idonka shi za ka faɗa. Babu abin da muka yi a rumfar nan da zan ji kunyarsa."

Marta ta ce, "Gaskiyar ce za ta ishe su. Ba sa bukatar ƙarya."

Mainasara ya ce, "Ka gudu mana, ustaz. Ka tafi Jabal Awliya wajen danginka."

"In bar musu Marta su tambaye ta ina nake? Ni ma turaku huɗu aka ba ni, ya Fallati." Ya yi ƙoƙarin yin murmushi. "Gobe ka duba ƙafar Duna ta baya, na ga yana ɗingishi."

Ran Laraba suka je ofishin masu tsaro, wani gida ne mai bangon siminti, ba alama a ƙofa. Muntasir ya tsaya a waje. Mutumin da ke ciki farar jallabiya ya sa, ba kaki ba, ya sa aka kawo wa Mainasara shayi mai madara, ya kira shi ya hajj.

Ana tara abin da aka samu wuri ɗaya? E. Ana raba shi ba bisa aiki ba? E, bisa baki. Butrus Kuku ne ya kafa dokar? Shi ne. Ya taɓa cewa 'yan kasuwa suna ɗora wa mutane wuƙa a wuya? Ya ce wanda ya ƙara kuɗin ruwa a kan mai ƙishi. Ya taɓa zama da 'yan gurguzu a Atbara? Ya ce ya zauna. Ya yabe su? Ya ce akwai mazaje a cikinsu. Ana kai wa Musulmi ruwa kyauta? Ana kai wa Hajja Ni'mat, makauniya ce.

Alƙalami yana ta gudu. Mainasara ya matso bakin kujera. "Amma ya ce shi ba ya tare da su, yallaɓai. Ya ce su da bindiga suke rabo, shi kuma ƙofarsa a buɗe take. Ya ce mutum ba ya gyaruwa da rabo sai da tsoron Allah. Ko gwangwanin ma ba ya yarda ya riƙe. Hajja Ni'mat kuwa bai taɓa yi mata maganar addini ba, ni ke sauke mata ruwan."

Mutumin yana gyaɗa kai cikin ladabi. Alƙalamin yana kwance a kan tebur.

"A rubuta wannan ma, yallaɓai."

"Takardar ta cika, ya hajj. Sha shayinka kar ya huce."

Ya turo masa tawada. Mainasara ya dubi takardar. Ya yi karatun allo, zai iya haɗa baƙaƙen in an ba shi lokaci, amma kanta na fuskantar mutumin, kuma hannun mutumin na kanta. Ya tuna motocin rusau, da yadda Saratu ta tsaya rungume da Duha da tukunya ɗaya. Ya dangwala yatsa.

Bayan kwana huɗu suka zo da hantsi, yara na tsakiyar karatu. Suka sa Kuku a bayan mota. Aka ce rumfar ba ta da izini, aka ture ta. Aka kwashe amalanken biyu da jakunan, aka yi gwanjonsu, Gwadabe ya saya. Dawar baƙon da bai zo ba, wadda ta taru ta kusa rabin buhu, ba wanda ya san inda ta yi. Tiya ya koma bara a kasuwar Suk al-Arabi. Marta ta yi wata biyar tana yawon ofisoshi da ƙunshin abinci, kowa ya ce ba a wajensu yake ba. Da aka soke lambar filinsu ta kwashe yara ta tafi Jabal Awliya. Ba ta yi sallama da kowa a layin Mainasara ba, sai dai ta aiko wa Saratu da ƙullin magani na bayan haihuwa. Labarin Kuku kuwa, wani ya ce an gan shi a kurkuku, wani ya ce ba shi ba ne. Har yau iyakar abin da aka sani ke nan.

Takardar mallaka ta fito da hatimi biyu. Muntasir ya kawo ta da kansa, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. A ƙasanta an rubuta cewa filin da mai shi ya bari babu kowa za a karɓe. Saratu ta naɗe ta a ledar da katin yake, ta sa a ƙasan akwati. A ɗakin ta haihu, namiji, aka sa masa Halliru.

Duna ya ƙi kowa a wajen Gwadabe. Ya harbi direba biyu, ya kifar da ganga. Gwadabe ya aiko a kira Mainasara. Ya ce masa ganga jarka ashirin da huɗu ce, ya auna da kansa, kuɗin ashirin da huɗu yake so a kowane sawu. Ladan aiki kuma bisa yawan sawu, wanda ya yi bakwai a ba shi na bakwai. Banda haka yana da jarka biyu na gidansa kowace rana. "Ka ga adalci ke nan," in ji Gwadabe, "abin da kake nema." Kuɗin jarka ya ninka sau uku tun da aka ture rumfa.

Sai dai ba wanda ya gaya wa Duna an canza doka. Kowace safiya a sawun farko, in sun shigo layin, yakan tsaya da kansa a ƙofofin nan huɗu. Biyu daga ciki masu su sun tashi, ta uku ta rushe. Mainasara ba ya dukansa. Yakan zauna a kan ganga ya jira, in jakin ya ga ba a sauke komai ba sai ya kaɗa kunne ya ci gaba.

Hajja Ni'mat tana nan. Wasu ranaku Mainasara yakan sauke mata jarka ɗaya daga cikin biyun gidansa, Saratu ta yi maneji da ɗaya, da mai jego da jariri da wankin tsumma. Ba kullum hakan ke yiwuwa ba. A makon da zawo ya kama Halliru, Saratu ta tare shi a ƙofa tun kafin ya fita ta ce, "Yau biyu, Abu Duha. Don Allah biyu."

Ya yi niyyar ya bi ta wani layin, amma gidajen da ke jiran ruwan Gwadabe a wannan layin suke. Duna ya zo ƙofar ya tsaya. Mainasara ya riƙe linzami bai motsa ba. Ya ji ƙarar garwa a ciki, sannan sanda tana lalube. Tsohuwar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, fuskarta ta ɗan kauce daga inda yake, tana murmushi.

"Ya Mainasara, kai ne?"

Ganga cike take a ƙarƙashinsa, ruwan bai gama lafawa ba, yana bugun ƙarfen a hankali. Ya dubi bayan kunnen Duna, yana roƙonsa a zuci ya tafi.

"Na ji numfashin Duna ai," in ji ta. Ta ajiye garwar a inda ta saba ajiyewa, ta ja da baya kaɗan don kar ruwa ya fallatsar mata a zane, ta tsaya tana jira.